Kafaɗar da Goggo Ke Dafawa

Yalwawa, Dutse
18 ga Yuni, 2001

Zuwa ga Yaya Larai,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Malam Gwadabe da su Suwaiba da Kamilu da autanki Falalu sarkin ƙiriniya. Mu nan lafiya lau, sai Inna da gwiwar nan tata, wadda in hadari ya haɗo take riga kowa sani. Ta ce in tuna miki ita da marigayiya mahaifiyarki 'ya'yan wa da ƙani ne, don ta ga alamar kin manta hanyar Dutse.

Yaya, albishirinki! Ƙungiyarmu ta tsofaffin ɗaliban makarantun kimiyya ta shirya darasin dogon hutu a nan Dutse, sati shida, don yaran makarantun ƙauye waɗanda ba su da ɗakin gwaje-gwaje, wasu ma ba su da malamin lissafi. Za a koya musu lissafi da fiziks da kemistiri da bayoloji, a shirya su don jarrabawar shiga jami'a. Ci da kwana duk kyauta. Ajin mata daban, masaukinsu daban, da dattijuwa mai kula da su, kuma ni ce zan koyar da lissafi a ɓangaren mata.

An zaga makarantu an yi jarrabawar zaɓe, ni na duba takardun ƙasar Ringim. Ina cikin dubawa sai na ci karo da wata takarda daga makarantar jeka-ka-dawo ta Kwarin Dinya. Akwai tambaya ɗaya da kusan kowa ya tsallake. Ita wannan yarinya sai ta rubuta a gefe, "Ba a koya mana wannan ba, amma ga yadda na gani." Ta bi wata doguwar hanya ta zagaye, ta cinye shafi guda, ta fito daidai. Na duba suna, sai na ga Bilkisu Gwadabe. Wallahi sai da na miƙe tsaye a ofis, har aka tambaye ni ko kunama ce.

Bilkinki ce ta zo ta ɗaya a duk yankin, Yaya, kuma rabonsu da malamin lissafi tun da ɗan bautar ƙasarsu ya tafi bara. Saura mata shekara guda ta gama sakandare. In ta samu wannan darasi, ina ji a jikina za ta shiga jami'a. In ba ta samu ba, ban ga ta inda za ta haye fiziks da kemistiri ba, don ko kwalbar gwaji ba ta taɓa riƙewa ba.

Abin da ya rage shi ne yardar gida. Na san tun yaye tana hannun Goggo Dije, yayar Malam, amma ke kika haife ta. Ki yi wa Goggo magana. Za a fara ranar Litinin ta ƙarshen Yuli. Ki ba Idirisu direba amsa, kullum yana shigowa Dutse.

Ƙanwarki,
Zulaihatu

*

Kafin Hausa
Laraba, 27 ga Yuni

Zuwa ga Malama Zulai,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, mun gode Allah da kuke lafiya. Ki ce wa Inna ban manta hanya ba, damina ce ta ɗaure ni. Ta dinga gasa gwiwar da ruwan ɗumi da man shanu, ta bar biye wa ƙwayoyinku na asibiti kaɗai.

Mu nan ruwa ya zauna, gero ya fito, ana kan noman farko. Gyaɗata ta gayauna ta yi kyau, in Allah ya kiyaye ta daga awakin maƙwabta. Falalu ya yi kwana biyu da zazzaɓi amma ya miƙe, har ya koma bin kaji da sanda.

Maganar da kika rubuto ta 'yar Goggo, na karanta. Allah ya sa alheri. Na karanta wa Malam da ya dawo daga gona, ya ce abin da ya bayar ya bayar, a je a tambayi mai ita. Kin san Goggo ce ta goye shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, ko ido ba ya iya haɗawa da ita. Ni kuwa ba ni da ta cewa. Yarinya tana da uwarta a Kwarin Dinya, can za ki nufa.

Ba don komai ba, shi masaukin nan da kika ce, akwai gidan sauro? Kuma rijiya ce ko famfo? Na ji an ce sauron Dutse ba ya jin magani.

A gaida Inna da maigidanki da 'yarki Nusaiba.

Yayarki,
Larai

*

Yalwawa, Dutse
9 ga Yuli, 2001

Yaya Larai,

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya, Allah ya ƙara wa Falalu sauƙi. Amma gaskiya amsarki ta ba ni haushi. Na aiko miki da labarin da ya isa a yi guɗa, kin ba gyaɗa layi uku kin ba 'yarki layi biyu.

To na bi maganarki, na je Kwarin Dinya ranar Asabar. Daga Ringim sai a babur, taɓo har gwiwa. Ban san idon Goggo ya kai haka ba. Yanar ido ta rufe duka biyun, inuwa kawai take gani. Na same ta tana dawowa daga gaisuwar rasuwa, hannunta a kafaɗar Bilki. Haka suke zuwa ko'ina, har bayan gida. Bilki ke girki, ita ke ɗebo ruwa, ita ke faɗa mata wanda ya yi sallama kafin ya ƙaraso, kuma a haka take karatun.

Goggo ta karɓe ni hannu biyu, ta sa aka dama fura. Na zayyana mata komai. Sai bakina ya zarce, na ce, "Goggo, wa ya sani ko ta zama likitar ido, ta zo ta gyara miki naki."

Ta yi dariya ta ce, "Allah ya sa, 'yar nan. Amma kafin ta zama, wa zai kai ni bayan gida?"

Na ce ai sati shida ne kawai. Ta ce, "Haka aka ce mini da aka ɗauki ɗan maƙwabcina zuwa Kano, yanzu sai da salla ake ganin ƙeyarsa. Ni ban haifa ba, Zulai. Wannan ita ce idona, ita ce ƙafata." Can ta gyara zama ta ce, "Amma kada a ce Dije ta tare wa yarinya gaba. Ban hana ba. Uwar da ta haife ta tana nan da ranta. Ta zo nan, ta tsaya a gabana, ta ce, 'Goggo, ba ni 'yata.' Ranar nan zan haɗa mata kayanta."

Bilki tana tsugune a bakin murhu, ko ɗago kai ba ta yi ba. Da ta rako ni bakin hanya na ce mata, "Ke me kike so?" Ta daɗe tana murza gefen hijabinta, sannan ta ce, "Malama, tambayar nan ta jarrabawa, akwai gajeriyar hanyarta?" Na tsuguna na zana mata a ƙasa da tsinke. Layi huɗu ne. Ta kalla, ta kalla, sai na ga hawaye. Ta ce, "Ashe haka ne kawai."

Yaya, ƙofa a buɗe take. Magana ɗaya ce za ki faɗa. Ki shiga motar Ringim ki je ki faɗe ta. Gidan sauro akwai, famfo akwai, tunda abin da ya dame ki ke nan.

Zulaihatu

*

Kafin Hausa
Talata, 17 ga Yuli

Malama Zulai,

Sallama. Muna lafiya, ana maimai, ruwa kullum. Ina fatan gwiwar Inna da sauƙi.

Kin ce ƙofa a buɗe take. Ke kin tashi a barikin Kaduna, kin yi boko har kin ƙoshi, shi ya sa kika ga ƙofa a inda Goggo ta gina katanga. Ta san ba zan iya ba, don haka ta faɗa.

'Yar fari ce, Zulai. Tunda aka raɗa mata suna bai taɓa fita daga bakina ba. Ban taɓa goya ta a gaban mutane ba, ban taɓa yi mata wasa wani yana kallo ba. Da lokacin yaye ya yi, Malam ya ba Goggo ita a gaban dattawan gidansu, ni da kaina na kai ta, na dawo nonona yana zuba, ban yi kuka a gaban kowa ba. Haka uwata ta yi da yayanmu, haka aka yi da ita. Yau shekara goma sha biyar Goggo tana ci da ita, tana jinyarta, ita ta sayar da tunkiyarta ta sa ta a sakandare lokacin da mutanen garin ke mata dariya.

In na je na ce "ba ni 'yata", ba aron sati shida na nema ba. Na ƙwace ke nan, ranar da idonta ya tafi. Goggo za ta haɗa kayan kamar yadda ta ce, ta miƙo ta, daga ranar kuma ba mu ba ita har kabari. Malam ba zai sake shiga gidansu da kai a sama ba. Ita yarinyar kuma, duk inda ta je a duniya, za ta san ta bar makauniyar da ta rene ta tana laluben bango. Kina ganin da wannan a zuciya za ta iya lissafin naki?

Kada ki ce ban motsa ba. Na tura Suwaiba, na ce ta je ta yi hutu wurin Goggo. Kasuwa ɗaya ta yi, aka dawo mini da ita da ƙwan zabi a ƙwarya da saƙon godiya. Wai Goggo ta ce yarinya ce mai hankali, amma ba ta san takunta ba, ta kusa jefa ta a kwata.

Gaba kura baya sayaki, inda nake ke nan. Ki roƙi mutanenku su yi haƙuri, ko Allah ya kawo mafita.

Larai

*

Yalwawa
21 ga Yuli, 2001

Yaya,

Muna lafiya. Ba zan ja gaisuwa ba yau.

Na karanta, kuma ban gamsu ba. Wannan takarda ce tsakanina da ke, ba dattawa, ba Goggo, ba mai leƙe, amma ko a nan kin kasa rubuta sunanta. "Yarinyar", "'yar Goggo", kamar kina maganar 'yar maƙwabta. Kunya ce wannan ko tsoro? Kin fi tausayin bakin mutane a kan yarinyar da na ga tana kuka saboda layi huɗu a ƙasa. Wallahi da ban san labari ba sai in ce ba ke kika haife ta ba.

Shekara mai zuwa za ta gama, ta faɗi kemistiri, ta zauna a Kwarin Dinya tana jan guga, ku kuma a ce kun iya zumunci. Allah ya ba ku lada.

Zulaihatu

*

Yalwawa, Dutse
1 ga Agusta, 2001

Yaya Larai,

Assalamu alaikum. Ina fatan lafiya, don shirun nan ya fara ba ni tsoro. Idirisu ya rantse ya ba Kamilu takardata hannu da hannu. Kullum sai na aika tasha, kullum ya ce babu saƙo.

An fara darasi shekaranjiya. Yara sun zo da akwatunan ƙarfe, wasu da buhu. Jiya aka shigar da su ɗakin gwaje-gwaje, wata yarinya daga ƙasar Jahun ta leƙa madubin ƙara girman abu, ta ga abin da ke yawo a ɗigon ruwan kududdufi, ta yi salati ta ja da baya. Kowa ya yi dariya, ni kuwa ina kallon bencin gaba inda na ajiye wa Bilki wuri. Shugaban shirin ya ce akwai yara da yawa masu jira, kuma gaskiyarsa ne. Ya ba ni zuwa Litinin, daga nan zai kira wata.

Na karanta wa Inna abin da na rubuta miki, don na ajiye kwafi. Ta ce in ba ta ruwa, ta sha, sannan ta wanke ni tas. Ta ce ita ma ba ta taɓa kiran sunan ɗanta na fari Yaya Mammadu ba har ya rasu, kuma in je in tambayi matashin kanta ko ba ta son sa. Ta ce mace ta tambaye ki gidan sauro da famfo, ke kina neman guɗa.

Ki yafe mini, Yaya. Bakina ya fi hankalina sauri, kin sani tun ina ƙarama. Ko zagi ne ki aiko.

Ƙanwarki,
Zulaihatu

*

Yalwawa, Dutse
6 ga Agusta, 2001

Yaya Larai,

Sallama. Alhamdu lillahi! Ta iso! Yau da hantsi ina tsakiyar darasi mai gadi ya leƙo ya ce ga wata yarinya a ƙofa da jaka da ƙullin ƙuli-ƙuli. Zanenta duk taɓo. Na ajiye alli na fita da gudu, ɗalibai suna ta kallona.

Na tambaye ta wa ya shawo kan Goggo. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Yaya ce ta zo." Na ce wace Yaya? Ta ce, "Yaya ta Kafin Hausa." Sai a lokacin na tuna haka take kiranki. Na ce to me kika ce wa Goggo? Ta ce ba ki ce komai ba. Na ce yanzu kina ina? Ta ce kina can.

Ban gane ba, Yaya. Zan ba wannan takarda ga masu motar Ringim, tunda ashe ba kya gida. Ki warware mini.

Ta rasa sati guda, amma zan zauna da ita da yamma har ta kamo su.

Zulaihatu

*

Kwarin Dinya, ta Ringim
Lahadi, 12 ga Agusta

Malama Zulai,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta same ni, ta fushin ma ta same ni kafin in taso. Na yafe miki. Ba ki faɗi abin da ban faɗa wa kaina ba. Muna lafiya, ni da Falalu da Goggo, sai ruwa da ya cika fadama har babura sun daina shigowa, shi ya sa amsar ta yi jinkiri.

Ba wata dabara na yi ba. Goggo ta iya mayar da Suwaiba don yarinya ce, amma ba a korar matar ƙani da ta zo gaisuwa. Na ce wa Malam zan je in duba Goggo. Ya ce kwana nawa? Na ce sai yadda ta yiwu. Ya kalle ni, ya kalli gyaɗar da na bari a gona, ya ce Allah ya kiyaye hanya. Na bar wa Suwaiba tukunya, na goya Falalu, na taho.

Da na iso na gaishe ta, na ajiye kayana a ɗakinta. Da asuba na riga kowa zuwa rijiya. Na hura wuta, na dama koko, na share tsakar gida. Da Goggo ta miƙa hannu tana neman kafaɗa za ta zaga, sai na matsa na sa tawa. Hannun ya tsaya, ya shafa wuyana, ya gane ba ta yarinyar ba ce. Ta ce, "Larai?" Na ce, "Na'am, Goggo." Muka tafi.

Haka muka yi kwanaki. Ba ta tambaye ni yaushe zan koma ba, ni ma ban ce ga abin da ya kawo ni ba. Rannan na kai ta gidan suna, a hanya na manta ban faɗa mata akwai tushen dinya ba, ta yi tuntuɓe. Ta zage ni sosai, ta ce ƙatuwar banza mai tafiya kamar ana kora ta. Wallahi daɗi na ji, don ba a zagin baƙo.

Ran Lahadin da ta wuce bayan la'asar muna zaune, ina tsince mata shinkafa, sai ta ɗaga murya ta kira yarinyar ta ce, "Ki wanke kayanki, gobe ki bi motar farko daga Ringim. Kada ki sa malamar nan ta yi ta jira." Sannan ta juyo inda nake ta ce, "Ke kuma kin ci ni da yaƙi, munafuka." Tana faɗa hawaye na bin fuskarta. Na ci gaba da tsintar shinkafa.

Zulai, rabon da in kwana rufi ɗaya da yarinyar tun tana shan nono. Na ga yadda take cin abinci, na ga tana karatu bakinta na motsi kamar na Malam. Ba mu yi hira ba ko sau ɗaya. Da safen tafiya ta durƙusa wa Goggo, Goggo ta tofa mata addu'a ta shafa kanta. Ta zo bakin murhu ta durƙusa ta ce, "Yaya, na tafi." Na ce, "To." Ina kallon tukunya. Sai da na daina jin takunta na ɗago, lokacin ta riga ta fita zaure.

Ƙuli-ƙulin nan ni na yi, amma na ce mata Goggo ce ta sa.

Jiya Goggo ta ce mini, "Kin san in ta ci jarrabawar nan ba sati shida ba ne ko?" Na ce na sani. Ta ce, "Da gidanki fa?" Na ce Allah na nan. Gaskiya ban san yadda za a yi ba, Zulai. Suwaiba yarinya ce, Malam ba ya iya dafa ko ruwan zafi, gyaɗata kuma an aiko mini ciyawa ta fi ƙarfinta. Ki rubuto mini tsakani da Allah, shi karatun likita shekara nawa ne, kada ki rage mini don in ji daɗi.

Goggo ta ce a faɗa miki yarinyar ba ta cin miyar kuɓewa, tana sa mata ƙaiƙayi, kuma in zazzaɓi zai kama ta kunnenta ne ke fara zafi, ba ta kuma faɗa sai an tambaye ta. Ni ban san ko ɗaya ba sai yanzu.

In kin rubuto, ki faɗa mini ko tana cin abinci, ko an ba ta gidan sauron. Kada ki ce mata ni na tambaya.

Zan tsaya nan, Goggo na kira, za ta zaga.

Yayarki,
Larai